Shanyar Fetur

Asabar, 21 ga Maris, 1998

Babur ɗin Yaya Kamilu ya mutu jiya da yamma a hanyarsa ta dawowa daga ofis. Turo shi ya yi har Takur, unguwarmu a nan Dutse. Yau da hantsi Malam Gwadabe bakanike, maƙwabcinmu, ya kwance tankin ya tsiyaye man a kwano. Na tsaya na gani. Ruwa ya kwanta a ƙasa, kaurin yatsa ɗaya, da ɓurɓushin tsatsa a ciki. Na saman ya yi duhu, yana warin kananzir. Malam Gwadabe ya shinshina ya ce, "Wannan ba mai ba ne, gauraye ne. An cuce ka, Kamilu."

A hannun 'yan bumburutu Yaya ya saya, jarka guda, bayan ya yi kwana biyu a layin gidan mai bai samu ba.

Na haɗa ragowar na jarkar da wanda aka tsiyaye, na auna da kwalbar lita ɗaya. Lita shida daidai. Jarkar fara ce, ana ganin man ta jikinta, don haka na ja layi da biro a kowane rabin lita.

Yaya ya ce a zubar a kwata. Inna ta ce abin da aka saya ba a zubar da shi, ta ɗauke jarkar ta kai sito ta kulle. Sito bango ɗaya ne da madafa. Taku huɗu daga jarkar zuwa murhu.

Wata biyar ke nan da gama jami'a, ina jiran takardar bautar ƙasa, ina cin tuwon gidan nan. Digirin kimiyyar sinadarai bai ba ni bakin magana a tsakar gida ba.

Lahadi, 22 ga Maris

Na wuni ina juya maganar.

Kwata ba za ta yiwu ba, domin tamu ta ƙofar Safiyatu mai ƙosai take bi, inda take hura wuta kowace safiya. Ƙasa ma a'a: rijiyarmu taku goma sha ɗaya ce daga katanga, kuma ita muke sha. Ƙonawa ban ma tsaya a kai ba. Na san yadda ake tayar da wuta, ban san yadda ake tsayar da ita ba.

Na je gidan mai na tambaya ko suna karɓar irin wannan. Mai ba da man ya dube ni ya yi dariya, ya ce su nema suke, ba karɓa ba. Na dawo wurin Malam Gwadabe ko zai yi wankin ƙarafa da shi. Ya ce, "Gangata ta cika da irinsa, watan nan kowa shi yake kawo min. Ga kuma mai walda a gefena. Ka mayar wa mai shi." In an mayar masa, gobe wani zai saya.

Saura hanya ɗaya: a bar shi ya bi iska kaɗan-kaɗan, a fili, nesa da wuta. Ba na son ta sosai, iskar ma mutane ke shaƙa. Amma ta fi zamansa kusa da murhu.

Rabin lita a rana, kwana goma sha biyu. In na fara Talata zan gama Asabar, 4 ga Afrilu. Babbar Sallah Talata ce ko Laraba ta bayanta. Dole ya ƙare kafin nan. Ranar layya murhu uku ake hurawa a tsakar gidan nan, ga babbaka, ga 'ya'yan dangi suna shiga ko'ina.

Litinin, 23 ga Maris

Na gaya wa Yaya, shi ya gaya wa Inna. Ni ban iya ba. Ina jin ta daga zaure tana cewa, "Ikon Allah. Auta zai yi shanyar fetur kamar kuɓewa." Anti Hamida, matar Yaya, ta ce, "In ya bushe ka kawo min in daka, Malam Abdulbaƙi, miya ta ƙare." Inna ta yarda, amma ba da daɗin rai ba. Jarkar za ta ci gaba da zama a sito saboda ɓarayi, makulli kuma yana ɗaure a haɓar zaninta. Kullum da safe ta buɗe min in ɗiba. Na dai matsar da ita kusurwa ta can ciki. Taku bakwai yanzu.

Na haɗa wurin a kangon bayan gida, filin nan da aka yi harsashi aka bari. Tsohon tiren ƙarfe na Anti Hamida, faɗinsa santimita arba'in da biyar. Na shimfiɗa yashi na dasa shi a kai don kada ya karkace. Na rufe da ragar waya da na ciro daga tsohon akurkin kaji, na danne gefunan da duwatsu saboda awaki. Bulo huɗu a tsaye, falle ɗaya na kwanon rufi a sama don inuwa, ta kowane gefe a buɗe. Bokitin yashi a kusa. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, watsa ta yake.

Taku talatin da biyu daga katangarmu, arba'in daga gidan da ya fi kusa. Na zaɓi wani ɗan kwari a tsakiyar filin, don kada masu wucewa su gani su taru.

Talata, 24 ga Maris

Na zuba rabin lita da ƙarfe takwas da minti goma. A hankali, bakin kwalba yana taɓa tiren. Na cire ashana daga aljihu tun a gida, na sake laluba aljihun sau biyu. Na zauna nesa, ta inda iska ke fitowa.

Sha biyu daidai ya tafi, sai ɗan ruwa da wani jan maiƙo mai danƙo. Awa uku da minti hamsin. Na kwashe ragowar da yashi na zuba a gwangwanin fenti mai murfi.

Akuya ɗaya ta zo, ta shinshina daga nesa, ta juya da kanta.

Saura biyar da rabi.

Laraba, 25 ga Maris

Awa uku da minti hamsin da biyar. Saura biyar. Kaina ya yi ciwo kaɗan. Gobe zan ƙara ja baya.

Alhamis, 26 ga Maris

Awa huɗu. Iska ba ta da ƙarfi. Saura huɗu da rabi.

Warin ya kama hancina. A abinci ina jin sa, a masallaci, har a ban ɗaki. Na wanke hannu da sabulu sau uku. Madina, 'yar Yaya, ta ƙi yarda in ɗauke ta, ta ce ina warin babur.

Inna ta tambaya yau ko ba za a rage kaɗan a gauraya da kananzir na fitila ba, tunda kananzir ma ya yi wuya. Na ce mata kananzir sai ya ɗau zafi ya haura digiri talatin da takwas kafin tururinsa ya kama wuta, fetur kuwa ko a cikin ƙanƙara yana kamawa. Ta ce, "To." Ban san wane irin "to" ba ne.

Juma'a, 27 ga Maris

Ba daidai ba.

Jiya na bar shi a kan layin huɗu da rabi. Yau da safe, kafin in ɗiba, yana ƙasa da layin da kusan kashi ɗaya cikin uku na lita. Na ɗaga jarkar a haske, na ajiye ta a wuri mai daidaito, na sake dubawa. Haka yake. Murfin a ɗaure yake tam, ni na ɗaure shi.

Ko jarkar na yoyo, ko na yi kuskuren layi, ko wani ya ɗiba. Na shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashinta.

Na zuba rabin lita kamar kullum. Saura uku da ɗigo bakwai.

Asabar, 28 ga Maris

Jaridar a bushe. Layi daidai da inda na bari. Saura uku da ɗigo biyu.

Wataƙila idona ne.

Lahadi, 29 ga Maris

Ba idona ba ne. Ya sake raguwa, biyu da ɗigo tara kafin in ɗiba.

Na tambayi Yaya a zaure ko ya gwada shi a babur. Ya ce, "Ni mahaukaci ne? Kafireta ɗaya ta ishe ni darasi." Anti Hamida ba ta shiga sito sai da Inna. Makulli ɗaya ne.

Na san wanda ya kamata in tambaya. Na tsaya a ƙofar ɗakin Inna bayan la'asar, na gaishe ta, ta amsa, muka yi maganar zafi. Na fito. Na duba fitilun gidan duka uku, na shinshina, kananzir ne zalla. Na duba itacen madafa. Babu komai. To ina yake zuwa?

Saura biyu da ɗigo huɗu.

Litinin, 30 ga Maris

Zan rubuta yadda ya faru, bi da bi.

Wajen bakwai saura kwata, ina alwashin yau zan tambaya, Anti Hamida tana shara ta ce da ni, "Ka lura kyankyasai sun ɓace a ban ɗaki? Inna ce ta yi musu maganinka."

Na ce wane magani.

"Na jarka mana. A garinsu Miga kananzir suke ɗigawa a masai, ta ce wannan ya fi shi ƙarfi. Jiya ma da magariba ta ƙara."

Warin da nake ji a ban ɗaki kwana huɗu, ashe ba hancina ba ne.

Ina juyowa na ga Inna ta fito daga madafa da kaskon toka a hannu, ta nufi ban ɗaki. Haka take yi duk sati idan toka ta taru, ta juye a masai don wari ya kwanta. Tun ina yaro take yi. Amma yau Anti Hamida ta dama koko da asuba a wannan murhun.

Ban tuna na yi gudu ba. Na dai ga kaina a gabanta, taku biyu daga ƙofar, na riƙe kaskon. Ta riƙe, na ja. Na ce, "Inna, saki." Da ƙarfi na faɗa. Ban taɓa ɗaga mata murya ba tunda aka haife ni. Ta saki, kaskon ya karkata, tokar ta zube a ƙafata. Garwashi uku a ciki, jajur. Na ƙirga su suna ƙona ni.

Ta dubi garwashin, ta dube ni, ta shige ɗaki ta saki labule.

Na kwara wa tokar ruwa. Na cire murfin masai, na buɗe ƙofar ban ɗakin, na gitta benci. Na karɓi makulli ta hannun Anti Hamida na duba jarkar: lita biyu. Ke nan kusan lita ɗaya ce ta shiga ramin a kwana huɗu. Ramin zurfi gare shi, bakinsa ƙarami. Abin da ya tsare mu a kwanakin nan: Madina ta fasa ƙwan fitilar da ake shiga ban ɗaki da ita makon jiya, kowa da tocila yake shiga.

Na tsaya a bayan labule na yi bayani. Na ce tururin fetur in ya kai kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Na ce lita ɗaya tana iya cika ramin har ta yi rara. Na faɗi adadi da yawa.

Yau ban yi shanya ba.

Talata, 31 ga Maris

Ban ɗaki a rufe, wato a buɗe amma ba mai shiga. Gidan Malam Gwadabe muke zuwa da buta. Ya tare ni a ƙofa ya ce, "Gidan 'yan boko ke nan, masai ma hutu yake ɗauka." Da na gaya masa dalili ya daina dariya, ya ce in gaya wa mata su shiga duk lokacin da suka so, ba sai sun yi sallama sau biyu ba.

Yaya ya kira ni zaure. Ya ce, "Gaskiyarka ce, ban musa ba. Amma hannu ka sa ka fizge abu a hannun Inna, a gaban surukarta. Tun Juma'a ka ga man yana raguwa, me ya hana ka buɗe baki?" Na je na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce, "Ba komai." Ba ta ce Auta ba.

Ƙafar ta yi bororo biyu. Iska ta juyo wajen gidaje, ban zuba ba. Saura biyu.

Laraba, 1 ga Afrilu

Ko ganye ba ya motsi. Na zauna a kango har goma, na dawo da kwalbar a cike. Kwana uku sun tafi a banza.

Na tarar da ɗan kofi da zuma a ƙofar ɗakina, da tsumma mai tsabta. Anti Hamida ta ce ba ita ba ce.

Alhamis, 2 ga Afrilu

Ina gyara ragar da safe na ji takun mutum. Inna ce, da mayafinta. Ba ta taɓa zuwa kangon ba. Ta tsaya ta daɗe tana kallon tiren.

Ta ce, "Wannan iskar da kake faɗa. Kwanciya take a rami?"

Na ce e, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi sau uku zuwa huɗu.

"Ban tambaye ka sau nawa ba. Kwanciya take?"

Na ce kwanciya take.

"Da haka ka ce min tun ran farko."

Sai ta yi maganar Baba. Na san haƙar rijiya ce sana'arsa, amma ina shekara shida ya rasu, kuma ba ta cika maganarsa ba. Ta ce bai taɓa shiga tsohuwar rijiya ba sai ya zura fitila a igiya tukuna. In ta mutu kafin ta kai ƙasa, ranar ba aiki, ko mai rijiyar ya yi ta magiya. Akwai mugunyar iska da ke kwanciya a ƙasa, ba a ganin ta, ruwan yana nan lumui kamar ba komai. Ta ce wani abokin aikinsa, Arzika, ya taɓa yin sauri ya shiga ba fitila a wani ƙauye gabas da Miga. Da igiya aka fito da shi. Baba ne ya yi masa wanka.

Ta ce, "Ni na wanke wa mahaifinku rigar da ya sa ranar. Sai ga ni da hannuna ina zuba irinta a gidan ɗana."

Na ce ba iri ɗaya ba ce sosai. Waccan kashe fitila take, wannan kuwa fitilar take jira ta kama.

Ta ce, "Na gane." Wannan karon na san wane iri ne.

Sai ta nuna tiren da baki. "To kai da ka san kwanciya take, me ya kai ka sa ta a kwari?"

Na yi tunanin masu wucewa, na yi tunanin awaki, na auna taku ta kowane gefe. Wannan ban yi tunaninsa ba. Kwana shida ina shanya a cikin rami.

Ta duƙa ta ɗebi busasshiyar ciyawa ta murtsuke, ta ɗaga hannu ta saki, kamar mai shirin sheƙar gero. Ta yi haka a wuri uku. A kwarin, ƙasa ta faɗi kai tsaye. A kan falalen dutsen da ke gefen dabinai biyun nan kuwa, ta tashi ta yi yamma, wajen da babu gida sai duwatsu. Ta ce, "Nan. Da safe, kafin dutsen ya ɗau zafi. In rana ta take, iskar nan juyawa take."

Na auna: taku arba'in da ɗaya daga katangarmu. Na kwashe komai na mayar can, yashi da bulo da kwano. Ta riƙe min ragar.

Awa biyu da minti talatin da biyar. Na duba agogon sau biyu.

Saura ɗaya da rabi.

Juma'a, 3 ga Afrilu

Awa biyu da minti arba'in. Saura lita ɗaya.

Warin masai ya koma nasa na asali. Na sunkuya na shinshina sau uku a lokuta daban-daban. Hanci ba ma'auni ba ne, amma shi nake da shi. An koma shiga, da tocila kawai. Inna ce ta kafa dokar, ba ni ba: ba fitila, ba toka, sai bayan Sallah, kuma ko bayan Sallar sai tokar da ta kwana aka yayyafa mata ruwa.

Bayan masallaci Yaya ya ce Kawu Sale ya aiko daga Miga. Ragon layya yana nan, amma babu mai kawo shi, motoci sun yi ƙaranci. Yaya yana da aiki gobe, babur kuma ba mai. Ni zan je. Na ce sai Litinin, in na gama. Ya ce in na tafi Litinin ba zan samu motar dawowa ba sai bayan an yanka na kowa.

Na yi tunanin juye litar gaba ɗaya gobe da asuba in wuce. Tiren zai ɗauka. Amma na ce rabi, kuma dalilin da ya sa na ce rabi bai canza ba don ina sauri. In na bar ta a sito kuma, ta kai Sallah.

Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce, "Tafi ka kawo ragon, Auta. Ni zan yi shanyar."

Na rubuta ƙa'idojin a takarda, guda tara. Sai na tuna boko ba ta karantawa. Na fara karanta mata, ina na uku ta katse ni ta ƙarasa da kanta: a duba iska tukuna, ba ashana, a zuba a hankali, a rufe raga, a zauna ta inda iska ke fitowa, yashi ba ruwa ba. Ta ƙara ɗaya da ba na cikin tara: kada a je da mayafin da aka yi girki da shi a ranar, wani lokaci tartsatsi yana maƙalewa a gefe yana ci a hankali.

Na ce to.

Asabar, 4 ga Afrilu

Miga. Awa bakwai, mota uku. Ragon fari ne mai baƙin wuya. Yanzu Inna ta gama shanyar yau, in ta yi.

Lahadi, 5 ga Afrilu

Babu mota. Kawu Sale ya ce wata a-kori-kura za ta tashi gobe bayan asuba da buhunan gero.

Sau huɗu na fita bayan gari na tsaya ina duban wajen Dutse. Daga nan ba a ganin komai, ko gari ne ya kama ba za a gani ba. Na san haka. Kawu ya tambaya ko ciki ne ke damuna.

Na tambaye shi labarin Arzika. Ya ce haka aka yi. Ya ce bayan nan Inna ce take cika wa Baba fitilar kowace safiya, ta gyara lagwani, ta raka shi da ita har ƙofa. Shekara tara ba ta fasa ba.

Litinin, 6 ga Afrilu

Na iso da azahar, ni da rago a kan buhuna. Na ɗaure shi a zaure, ban shiga gida ba na zagaya kango.

Jarkar tana kife a kan wani turke, murfi a cire, iska na shiga. Tiren an goge shi da yashi an jingina. Gwangwanin fenti a rufe, dutse a kai. Bokitin yashi a cike yadda na bari.

Anti Hamida ta ce sau uku Inna ta raba shi, ba biyu ba. Ranar Asabar iska ba ta da ƙarfi, sai ta zuba kaɗan, ta ce ragowar ya jira. Jiya ta yi sauran kashi biyu, ɗaya bayan ɗaya ya tafi. Tabarma ta shimfiɗa a gindin dabino da carbinta. Malam Ahmadu mai gadin wani gini kusa da kangon ya taho da sigarinsa zai gaishe ta, ta tsayar da shi tun daga nesa, ta ce ya koma ya kashe ya wanke hannu sannan ya zo. "Dattijo da gemunsa," in ji Anti Hamida, "ya koma kuwa."

Na tambayi Inna awa nawa ya ɗauka. Ta ce, "Har ya tafi."

Saura babu.

Alhamis, 9 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya. Murhu uku, babbaka a bakin rijiya, yara goma sha ɗaya. Biyu sun shiga sito wasan ɓuya, na gan su, ban tashi ba.

A shafin baya inda nake jera lokutan shanya, layin Asabar da na Lahadi babu komai. Na so in ƙiyasta in cike. Na bar su haka.

Malam Gwadabe ya ce wani a layinsu yana da lita biyu irin namu daga janareto, yana tambayar yadda aka yi. Na ce zan zo in nuna masa tire da raga, amma maganar wuri, sai Inna ta duba iska.

Ƙafar ta fara ɓawo.

Yau da safe ta fito da kaskon toka, karo na farko tun ran nan. Ta biyo ta ƙofar ɗakina ta tsaya, ta miƙo min shi in taɓa in ji ko tokar ta yi sanyi. Na ce ta wuce kawai.

Hannuna da maiƙon nama ne, shi ya sa.